Keke da kakar Marwa: amsar Baffa ga ɗansa na Kano

Ɗana, saƙonka ya iso, na kuma karanta shi sau biyu. Ka ce ka ga hoton da ƙanenka ya ɗora, ina tsaye a bakin hanya riƙe da keke, an ɗaure damin wani koren abu a kan kariya, sai hankalinka ya tashi. Ka tambaya ko kasuwa ce ta karye. Ka ce in haka ne, kai da 'yan uwanka za ku haɗa kuɗi ku saya mini babur, don bai dace Baffanku da furfurarsa yana taka feda cikin rana ba. Allah ya yi muku albarka. Na san daga zuciya mai kyau maganar ta fito, shi ya sa ba zan sallame ka da layi biyu ba. Dukancina yana nan da rufin asiri, akwai ma babur a gidan nan, yayanka ne ke hawa. Abin da ka gani a kan kariya irin masakwa ne za ni dashe, kuma sai ka san yadda kaka take a nan Marwa, a arewacin Kamaru, kafin ka gane abin da ya haɗa ni da keken nan.

A wajenku da ruwa ya ɗauke manomi ya fara sararawa: gero ya shiga rumbu, dawa na jiran yanka, saura cirar gyaɗa da roron wake. Mu ma muna da duk wannan. Amma a ƙasar Diyamare, wato yankin da Marwa take, ɗaukewar ruwa ita ce buɗe ƙofar noma na biyu. Kewaye da gari akwai filaye na baƙar laka, shimfiɗaɗɗu kamar faifai, Fulani suna ce musu karal, Barebari suna cewa firki. Da damina ba mai iya taɓa su, ruwa ne kwance da ciyawa har ƙugu. Lakar tana shan ruwan nan tana riƙewa. Tun cikin watan Agusta ake yafa irin wata dawa a ƙasa mai jigawa kusa da gida, Fulani su ce muskuwaari, mu mu ce masakwa kamar mutanen Borno. In ya yi wata ɗaya ko kwana arba'in sai a tuge, a rage ganyen da saiwar, a ɗaure dami-dami, a kai karal. Daga ƙarshen Satumba har cikin Nuwamba aikin ke nan. A sassabe ciyawa a ƙone, ko da yake yanzu yawanci feshi ake yi. Mutum ɗaya yana gaba da ƙaton sanda mai tsinin ƙarfe yana huda ƙasa, na biyu yana zuba ruwa ɗan kaɗan a ramin, na uku yana saka iri biyu-biyu. Shi ke nan. Ba za ta ƙara ganin ruwan sama ba, ba kuma ban ruwa. Da damshin da laka ta ɓoye da sanyin hunturu za ta rayu har a yanke ta a Janairu ko Fabrairu, lokacin da gonakinku sun daɗe da zama kara.

Kakanku ba manomi ba ne. Fatauci ya kawo shi daga Kano tun zamanin Faransawa, kafin 'yancin kai na 1960, ya zauna ya kama jima da dukanci, sana'ar da Marwa ta yi suna a kanta. A nan ya iske bafatake da malami da mahauci, kowa yana da ɗan karal ɗinsa a bayan gari, ko na gado ko na haya, don buhunan masakwa su ne tuwon gida na shekara. Ya bi sahu, mu ma muka taso muka tarar. Wanda nake nomawa yana kudu da gari, ta wajen hanyar Salak inda filin jirgin sama yake, sai an bar kwalta an shiga daji.

Daga inda aka bar kwalta keke ke nuna amfaninsa. Hanyar karal 'yar siririya ce, wani wuri a kan kunyar da aka ɗaga don tare ruwa take bi, wani wuri kuma laka ba ta gama bushewa ba. Babur yana da nauyi, in ya nutse sai an taru. Keke kuwa in ka zo kwari sai ka sauke kaya, ka saɓa shi a kafaɗa ka haye, ka dawo ka ɗauki kayan. Kuma ba zuwa ɗaya ba ne. Karal ba ya bushewa lokaci guda, yau wannan gefen ya isa dashe, sai bayan kwana huɗu wancan, saboda haka sai ka yi wata guda kana zirga-zirga. Iri a kan kariya, jarkokin ruwa biyu rataye hagu da dama daga tafki zuwa bakin aiki, abincin 'yan ƙwadago a gaba. Ka lissafa man da babur zai sha a wannan sintiri, ka cire daga buhunan da za ka samu, ka ga abin da ya rage.

Bari in ba ka labarin fitar safe, don ita ce abin da nake ƙauna a duk shekara. Ana sallame asuba nake kurɓar kunun gyaɗa, in matsa taya da babban yatsa in ji ko iska ta sauka, in ɗaure ƙafar wando da roba saboda kaca. Irin yana kwana a inuwa, saiwarsa cikin ruwa, sai in naɗe shi da jiƙaƙƙen buhu. A watan Oktoba garin yana da wani sanyi mai laushi a wannan lokaci, ba na hunturu mai fasa leɓe ba. Titunan Marwa darbejiya ce jere hagu da dama, rassanta sun haɗe a sama, kana tafiya kamar cikin zaure mai tsawo. Masu shayi suna hura wuta, mata suna suyar ƙosai, almajirai suna karatu. In na zo gada sai in leƙa mayo, wato kogin da ya ratsa gari. Wata biyu da suka wuce Mayo Kaliyawo yana ambaliya da jan ruwa daga duwatsun Mandara, wani lokaci ko ɗigo bai sauka a cikin gari ba sai ka ga ruwa ya taho. Yanzu ya koma rairayi, sai ɗan zirin ruwa a tsakiya, masu wanki sun tona ramuka. Masu keke da yawa ba sa zagayawa ta gada a wannan lokaci, gangarawa suke yi su tura cikin yashi su haye, abin da ba mai gwadawa a watan Agusta.

Da ka fita gari sai raɓa. Ciyawar bakin hanya tana jiƙa ƙafa har idon sawu, ƙarangiya ta nuna tana kama wando. Jar dawar damina ta sunkuyar da kai, auduga ta fara buɗe ido fari-fari, ƙamshin ciyawar da aka ƙone jiya yana tashi daga karal. Hazo-hazo yana kwance a ƙasa, duwatsun Makabay suna bayanka. Ba kai kaɗai ba ne a hanya. Kekuna ne a jere, wani da dami, wani da jarka, wani ya goyo ɗansa a gaba, ga 'yan ƙwadago daga ƙabilun Tupuri da Masa da Mafa da Giziga da suke zuwa musamman don dashen nan suna tafe a ƙasa da kayan aikinsu. Kana wuce mutum ka ce "jam na?", ya ce "jam", in tafiyarku ta zo ɗaya ku jera kuna hira: ina iri ya yi saura, wane karal ne ya tsage da wuri, nawa ake biyan dashe bana. Rabin abin da na sani game da noman nan a kan sirdi na ji shi. Mai babur ba ya samun wannan, ƙara ce da ƙura, ya wuce.

Dawowa ce mai wuya, ba zan ɓoye maka ba. Zafin da ke biyo bayan ɗaukewar ruwa, wanda tsofaffi ke kira agazari, a nan ma yana nan, kuma a karal ba inuwa sai ta aduwa ɗaya-ɗaya. Wanda ya san kan abin yana barin gona kafin rana ta take, ko kuma ya haƙura sai bayan la'asar. Ni nakan baro da hantsi don in buɗe rumfa. Lokacin zazzaɓin cizon sauro ne kuma, kusan kowane gida akwai mai kwanciya, wanda bai gama warwarewa ba bai kamata ya hau keke cikin ranar nan ba. Akwai kuma kububuwa a cikin ciyawa, shi ya sa ba na shiga karal da silifa. Sai Nuwamba ta yi nisa iskar gabas ta fara kaɗawa, safiya ta koma ta rawani da rigar sanyi, ƙura ta fara cin kaca. A lokacin duk mako sai na wanke ta da kananzir na ɗiga mata baƙin mai.

Babban abokin gabar mai keke da kaka shi ne ƙaya. Tsaidau ya bushe ya baje a hanya, ga ƙayar aduwa da ta farar ƙaya da masu sassabe suka zubar. Bara, ana tsakiyar dashe, tayar baya ta sace mini a wurin da ba gida gaba ba gida baya, iri na kan kariya, rana na ɗagawa, kuma irin masakwa in ya sha rana ya yi yaushi an yi asara. Na tura keken har wani ƙauye. Mai facin yana ƙarƙashin tsamiya da kwanon ruwa da famfo. Ya kifa keken a kan sirdi, ya zare tib, ya hura, ya bi shi cikin ruwa a hankali har kumfa ta tashi a wuri biyu. Ya soka tsinke a kowace huda don kada ta ɓace masa, ya goge da 'yar takarda mai kaushi, ya shafa sholisho, ya jira ya sha iska kafin ya manna. Abin da ya burge ni, bai mayar da tib ba sai da ya zagaya cikin tayar da yatsunsa, ya zaro ƙayoyin nan biyu ya ɗora mini a tafin hannu. Yana cikin aikin matarsa ta fito ta ga damin iri, ba wanda ya roƙe ta, ta ɗebo ruwa ta yayyafa masa ta ja shi inuwa. Ba Hausawa ba ne, ba kuma Musulmi ba, da Fulatanci muka yi magana. Irin nan bai mutu ba, na ci tuwonsa. Tun daga ranar ba na fita ba tare da famfo da faci da sholisho a jakar sirdi ba, kuma in tayar ta tsufa nakan sa a shimfiɗa tsohon tib a cikinta ya zama kariya.

Wani abin da laka ke yi kuma, in aka yi ruwan ƙarshe na bazata a farkon Oktoba, tana cushewa tsakanin taya da madigadi har ƙafar ta ƙi juyawa. Sai ka tsaya ka nemi tsinke ka ƙwaƙule. Da yawa suna cire madigadin gaba ɗaya har sai an gama dashe.

A cikin gari ma kaka lokacin keke ne. Makarantu a Kamaru suna komawa a farkon Satumba, ana shiga aji ƙarfe bakwai da rabi, saboda haka tun bakwai titi ya cika da yara cikin kayan makaranta, wani ya goyo ƙanensa, jaka a baya. Za ka ga 'yan mata ma suna tuƙawa, ba wanda yake juyowa ya kalle su. Mu Hausawan nan gida-gida ne, wani ya yarda wani bai yarda ba. Ni ƙanwarka ta hau har ta gama sakandare, da hijabinta, ban ga abin da ya rage mata ba, kuma ya fi mini kwanciyar hankali da a ce kullum tana bayan ɗan acaɓa, wanda a nan muke kira kilando. Ranar Litinin, babbar ranar kasuwar Marwa, mutanen ƙauye suna shigowa da kaji a kwando, da buhun gyaɗa, da itace, da gawayi, duk a kan keke, wani kayan ya fi mai keken tsawo. In rani ya shiga masu lambun Meskin su biyo da albasa. Kekunan da ke wannan aiki irin na dā ne masu birkin ƙarfe, Phoenix da ire-irensa, an ƙara musu kariya ta rodi a wurin mai walda. Yara kuwa sun fi son na gwanjo masu giya. Mahaifina keke ƙirar Raleigh ya hau, daga Mubi aka kawo masa. Sunan ma uku ne a bakinmu: a gida keke, a kasuwa baskur kamar yadda Fulani ke faɗa, yaran makaranta kuma su ce belo, daga Faransanci.

Kada ka ɗauka babur bai ci garin nan ba. Ya ci, kilando ko'ina. Abin da ya ɗaga shi shi ne man Najeriya mai araha da ake shigowa da shi ana sayarwa a kwalabe a bakin titi, wanda ake kira zuwa-zuwa. Ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, mu ma a nan mun ji a jikinmu, kwalbar nan ta yi tsalle. A gidan mai kuma lita ta tashi daga sefa 630 zuwa 730 a Fabrairun 2023, ta koma 840 a Fabrairun 2024. Na ga mutane sun shiga ɗaki sun jawo kekunan da suka jingine shekara da shekaru, masu gyara suka samu ciniki. Kafin wannan ma, bayan bama-baman da suka tashi a cikin Marwa a watan Yulin 2015, hukuma ta taƙaita zirga-zirgar babura, musamman da dare, aka yawaita shingayen bincike. Kun san irin wannan, tunda Kano ta hana goyo a babur a 2013, Maiduguri kuma tun 2011. Ku kuka koma A Daidaita Sahu, mu da yawanmu muka riƙe abin da dama bai bar hannunmu ba. Har yau ba na fita bayan gari ba katin shaida a aljihu.

Yanzu maganar mutunci, wadda na san ita ce ainihin abin da ya dame ka. Na zo Kano, na ga yadda ake kallon magidanci a kan keke, kamar wanda duniya ta juya wa baya. Ban ce a nan ba masu irin wannan kallon ba, samarin yanzu suna da shi. Amma a tsakanin sa'o'ina, wanda aka gani da asuba da dami a kariya an san gona za shi, kuma an san gidansa ba zai auni tsaba a kasuwa da tsadar bazara ba. Limamin unguwarmu da keke yake zuwa karal ɗinsa. Keken ma yana da ladabinsa, kuma da shi ake gane tarbiyyar mutum. Ba ka wuce majalisar dattawa a kan sirdi, sai ka sauka ka tura, ka gaisa, ka wuce su kafin ka hau. Haka in ka haɗu da masu ɗauke da gawa, haka a ƙofar gidan surukai. In ka ga tsoho yana tafiya a ƙasa hanyarku ɗaya, ka tsaya ka ce ya hau, in ya ƙi ka karɓi kayansa ka kai masa gaba. In maƙwabci ya aiko yaro aron keke don kai marar lafiya ko zuwa jana'iza, ba a hanawa, shi kuma ba ya dawo da shi da taya a sace. Waɗannan abubuwa a wurin kakanku na koya, ya ce haka ake yi a Kano ta zamaninsa. Mu da muke nesa da gida mun riƙe su da ƙarfi, wataƙila don su ne suka rage mana.

Inda damuwarka take da gaskiya shi ne babban titi. Hanyar da ta taso daga Garwa ta bi ta Marwa ta nufi Mora da Kusuri ita ce manyan motoci masu kai kaya Injamena suke bi, kuma ba a bar wa mai keke ko taki ɗaya ba. Gefen kwalta ya zaizaye, in babbar mota ta taho sai dai ka faɗa cikin tsakuwa. Shekara uku da suka wuce wata ta matse ni da magariba, na faɗa rami, na kwana biyu ban ɗaga hannun dama ba, direban ko waiwaye bai yi ba. Na san waɗanda ba su tashi ba. Wannan yana ci mini rai, don masu keken nan su ne suke ciyar da garin, amma in ana zanen titi ba a tuna da su. Abin da na iya yi shi ne na daina kai magariba a hanya, na sa fitila gaba da baya, na kuma koyi hanyoyin cikin gonaki ko da sun fi nisa. Sannu ba ta hana zuwa.

Ba kullum aiki ba ne. In an gama dashe, wajen tsakiyar Nuwamba, ni da abokaina uku mukan ware rana guda mu tafi Mindif, kilomita ashirin da biyar ko kusa da haka a kudu maso gabas. Tun daga nesa kake hango dutsen nan nata tsaye shi kaɗai a fili kamar haƙori, kana tafe yana girma. Karal hagu da dama ya yi kore shar da sabon dashe, alhali duk sauran daji ya fara ja. Mukan tsaya mu sayi dafaffiyar gyaɗa da takanɗa, mu sha kindirmo a wurin matan Fulani, mu yi azahar a can, mu jira rana ta yi sanyi mu juyo. Ƙaraminmu ya haura hamsin. A cikinmu akwai wanda likita ya ce masa ya riƙa motsa jiki saboda hawan jini, mu kuwa dama ba mu taɓa dainawa ba.

Saboda haka kuɗin babur ɗin nan, ku riƙe shi ku yi kuɗin mota. Ka biyo ta Yola ka shigo Garwa, daga nan kilomita ɗari biyu da 'yan kai ne zuwa Marwa. In ka zo kafin Nuwamba ta ƙare za ka tarar da sauran dashe, akwai keken ƙanenka, na sa an canja masa boris da birki. Ka taho da takalmi mai rufi, ka kuma riƙo mini tayoyi biyu masu kauri daga Kano in ka samu, na bayan nan ya kusa gama kwanansa. Ka gaida mahaifiyarka da iyalinka, ka ce mata buhunta na masakwa yana nan in Allah ya kai mu Fabrairu.